Wanda ya fito daga kaso, ina zai kwana, wa zai tsaya masa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam Edita ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ara mini fili a jaridarku in yi magana a kan halin da mutanen da aka sallamo daga gidan kaso suke shiga a nan Damagaram, musamman maganar wurin kwana da abin yi. Ni ba wani ɗan boko ba ne, sana'ata walda, ƙofofi da tagogi da gadaje nake yi, to amma sana'ar ce ta sa nake mu'amala da matasa kullum, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka shiga suka fito, na ga yadda garin nan yake karɓarsu, shi ya sa na ce bari in rubuto ko Allah zai sa maganar ta kai kunnen waɗanda ya kamata.

Duk lokacin da aka yi afuwa, ko ta sallar 18 ga Disamba ko ta wani dalili, rediyo za ta faɗi adadin waɗanda aka saka, mu ce alhamdulillahi, shi kenan an wuce wurin. A watan Maris na 2020 lokacin korona shugaba Issoufou Mahamadou ya yi wa fursunoni 1540 afuwa a faɗin ƙasa, kowa ya ji labarin tunda har da tsohon firaminista Hama Amadou a ciki. To shi Hama a lokacin yana da gida yana da jama'a masu jiransa, sauran fa? A ina suka kwana daren farko, me suka ci washegari, nawa ne a cikinsu suka sake komawa kafin shekara ta zagayo? Wannan tambayar ba mu saba yinta ba, kuma wallahi ita ce tambayar.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ƙofar gidan kaso lokacin da ake sallamar mutum ya san abin da nake faɗi. Zai fito da baƙar leda a hannu, riga ɗaya ko biyu a ciki, silifas ɗinsa an ɗinke da zare, takardar sallama a ninke cikin aljihu, ya tsaya yana duba dama da hagu kamar yana jiran wani alhali ya san babu mai zuwa, don sau da yawa danginsa ma ba su san yau ne zai fito ba. Ba waya, ba kuɗin kabu-kabu balle na mota. In ɗan cikin gari ne da sauƙi, ya taka da ƙafa. Amma tunda kotun ɗaukaka ƙara tana nan Zinder, akwai waɗanda shari'arsu ta kawo su daga nesa, wani daga wajen Tanout, wani daga Gouré ko Magaria, wani ma daga wata jiha, ka ga mutum ya fito a garin da bai san kowa ba, sai dai ya nufi tasha ya fara roƙon direbobi. Wanda ya roƙa aka hana shi har dare ya yi, yunwa na cinsa, ga kayan mutane jibge a tasha, me kake tsammani?

Kuma su wane ne mutanen nan? Jama'a da sun ji an ce ɗan kaso sai ransu ya tafi ga mai kisa da ɗan fashi. Akwai su, ban ce babu ba. Amma yawancin waɗanda ni na sani yara ne matasa, satar waya, satar akuya, faɗa tsakanin wannan fadar samari da waccan, tramol, rikicin isansi na sumoga, bashin da ya rikiɗe ya zama ƙarar cin amana. Ga kuma abin da ya fi ci mini rai, a Nijar fiye da rabin waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba tukuna, jiran shari'a suke. Mutum sai ya yi watanni masu yawa, wani har shekaru, daga baya alƙali ya ce ba shi da laifi ko babu hujja, ya fito. To a unguwa wa ya damu da wannan bambancin? Ya yi kaso, magana ta ƙare. Ko takardar kotu ya ɗauko yana nunawa, sunan ya riga ya bi shi.

Bari in fara da wurin kwana don shi ne farkon abin da yake karya mutum. Wanda yake haya aka kama shi, wata biyu wata uku ba a biya ba, mai gida zai ɓalle kwaɗo ya fitar da kaya, in mai tsoron Allah ne ya tara su a zaure, in ba haka ba ya riƙe katifa da rediyo a bakin kuɗinsa, kuma gaskiya ba za ka ga laifinsa sosai ba tunda wani da hayar nan yake ciyar da iyalinsa. Matar ta kwashi yara ta koma gidansu, in zaman ya yi tsawo iyayenta su matsa a raba auren. Ranar da ya fito ya je ya tarar da wasu mutane daban a ɗakinsa, labule ma ba nasa ba. Wanda kuma yake gidan iyaye, a nan ne abin ya fi zafi, uba ya yi rantsuwa a gaban mutane cewa ba zai ƙara taka masa gida ba, ƙannai an hana su zama da shi, ɗakin samarin an ba wani. Uwa ce kawai za ta riƙa aika masa tuwo a ɓoye ta hannun ƙaramin yaro. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba.

To ya ce bari ya nemi haya. Kowa ya san yadda ake ba da ɗaki a garin nan, ba takarda ake dubawa ba, mutum ake dubawa. Dillali zai tambaye ka ɗan wane gida ne, me kake yi, wa ya san ka, wa zai tsaya maka, sannan a ce ka ajiye kuɗin wata uku. Ko da wani ya tausaya ya ba shi kuɗin, kafin la'asar labari ya kai wa mai gida, sai a kira shi a ce ai ɗakin an riga an yi wa wani alkawari, ga kuɗinka. Mata 'yan haya su ce su ba za su zauna gida ɗaya da ɓarawo ba. Daga nan sai kwana a rumfunan kasuwar Dole, ko a tasha, ko a kangon da ba a gama ginawa ba, masu gadi na korarsa, 'yan sintiri na kama shi don an gan shi da dare a inda bai kamata ba.

Ƙofa ɗaya ce tal take buɗe masa ba tare da tambaya ba, ita ce ta tsofaffin abokansa. Su ba sa neman kuɗin wata uku, ba sa tambayar wa zai tsaya maka, za su matsa masa a tabarma, su ba shi shayi, su ba shi sigari, su ce sannu da zuwa, kuma wallahi a ranar nan su kaɗai ne suka ce masa sannu da zuwa. Mu da muke zagin 'yan fale, wato gungun matasan nan masu daba, muna cewa sun lalata gari, ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kan wannan, me ya sa yaro yake komawa can? Ba don daɗi ba ne kullum. Kuma wanda ya ba ka wurin kwana wata guda yana ciyar da kai, ranar da ya ce tashi mu je, da wane baki za ka ce a'a? Ina jin haushi in na ji ana jingina abin ga unguwa ɗaya, ana cewa ai 'yan Kara-Kara ne. Kara-Kara unguwa ce da tun asali aka tura mata waɗanda gari ba ya so, kutare da marasa galihu, har yau kuma wanda aka kora daga ko'ina can yake samun inda zai raɓa. Yaran da ke ƙarewa a can ai daga Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam da ko'ina suke fitowa, 'ya'yanmu ne.

Sai maganar aiki. Aikin gwamnati kam a cire shi a lissafi, duk konkur ɗin da za ka shiga, wato jarrabawar ɗaukar aiki, sai an nemi kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, wadda ba ta wuce wata uku ba, kuma in an taɓa yanke maka hukuncin ɗauri zai iya fitowa a ciki. Kamfanoni da ƙungiyoyi ma haka, ko aikin gadi ne sai sun nema. To dama yawancin matasanmu ba a ofis suke ci ba, a kasuwa ne da gareji da wurin gini da kabu-kabu, amma a nan ma tambayar nan ta dillali ce take jiransa. Mai babur ba zai miƙa maka makulli ka riƙa kawo masa balas ba sai wani babba ya ce na san shi, in ya gudu ni zan biya. Ɗan kasuwa ba zai ba ka kaya bashi ka zaga da su ba sai da wanda ya tsaya. Magini ba zai bar ka kusa da siminti da rodi ba. Ko kurar ruwa ta haya, a garin da kowa ya san wahalar ruwanmu kuma aikin ga-ruwa ba ya yankewa, sai an san ka ake ba ka. Ga katin ɗan ƙasa ya ɓace tun ranar kamu, takardar haihuwa tana cikin kayan da mai gida ya watsar, ba kati ba layin waya, ba layin waya wa zai kira ka aiki? Wani kuma ya fito da tara da kuɗin diyya a wuyansa da kotu ta ɗora masa, ana jiransa ya biya, daga ina?

Akwai wani yaro da kawunsa ya kawo mini, ya yi zaman kaso a kan satar waya. Kawun ya zauna a kan bencina ya ce Malam ga ɗanka, duk abin da ya ɓata ni ne, ka zo gidana. Wannan maganar ce ta sa na karɓe shi, ba wani abu ba. Makonnin farko ko magana ba ya yi, in an kawo abinci sai ya ja kwanonsa gefe ya juya baya yana ci da sauri, in aka buga ƙarfe da ƙarfi a bayansa sai ya zabura. Da yake ba shi da wurin kwana na bar shi yana shimfiɗa kwali a cikin shago tsakanin ƙofofin da ba a yi wa fenti ba. Wata rana injin yanka ƙarfe ya ɓace, kafin in buɗe baki duk yaran shago sun juya suna kallonsa, shi kuma ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa, bai ce komai ba don ya san ko ya rantse da Alƙur'ani ba mai yarda. Ashe maƙwabcinmu mai gyaran mota ne ya aiko aka ɗauka ba a faɗa mini ba, da yamma aka dawo da shi. Na tara yaran na yi musu faɗa sosai. Yanzu yaron nan shi nake aikawa ya auno ƙofofi a gidajen mutane, shi ke karɓo kuɗi, ya kama ɗakinsa. Amma ku lura, yana da kawu. Da ba shi da kawu da ban san shi ba ma. Waɗanda nake rubutu dominsu su ne marasa kawu, kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, don ana faɗa mini a majalisa. Za su ce ga yaranmu na kirki da suka gama jami'ar André Salifou suna zaune da digiri ba aiki, ga waɗanda ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba suna kwana da yunwa, sai a tsallake su a ba ɓarawo ɗaki da jari? Ashe kenan sata riba ce. Wasu su ce wanda aka yi wa satar fa, wanda aka sara da adda fa, wa ya tausaya masa? Maganar nan tana da nauyi, ban raina ta ba, ni ma an taɓa fasa mini shago an kwashe kayan aiki, na san zafin. Kuma ban ce a ba kowa amana ido rufe ba, akwai wanda in ka ba shi makulli ka cuci kanka ka cuce shi, irin wannan a fara da shi daga nesa, aikin da babu kuɗi a hannu, ana lura da shi. Amma mu duba gaskiya, mutumin nan dai an riga an sake shi, yana cikin gari, ba wata ƙasa za a kai shi ba, a layinku zai wuce gobe da safe. Abin da ya rage mana zaɓi biyu ne, ko ya wuce da kayan aiki a kafaɗa ko ya wuce yana leƙen katangu. Wanda za a yi wa sata nan gaba, taimakon da za a yi masa tun yanzu shi ne a sama wa wannan abin yi. Kuma in ya koma ciki, da kuɗin wa ake ciyar da shi, da kuɗin wa ake biyan sojojin da ke gadinsa, da kuɗin wa ake shari'ar? Namu ne dai. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Malamanmu sun fi ni sani, amma akwai hadisin da ke cikin Bukhari da nake so a riƙa tuna mana a huɗuba. An kawo wa Manzon Allah (SAW) wani mutum da ya sha giya, aka yi masa hukunci, da ya juya zai tafi sai wani ya ce Allah ya kunyata ka, Annabi ya hana, ya ce kada ku faɗi haka, kada ku taimaki shaiɗan a kansa. An hukunta shi fa, ba a ce bai yi laifi ba, amma da hukunci ya ƙare aka hana a bi shi da tozarci. Mu kuma alƙali ya yanke shekara biyu, mu ƙara masa ashirin daga wajenmu, mu hana shi ɗaki, mu hana shi aiki, mu hana shi aure, ko a sahun salla wani sai ya dafe aljihunsa in ya tsaya kusa da shi, sannan in ya koma ruwa mu ce ai dama mun faɗa, mai hali ba ya fasa halinsa. Wane taimakon shaiɗan ne ya wuce wannan?

Ta fannin doka ma ba wai babu komai a rubuce ba. A 2017 Nijar ta yi dokar da ta tsara yadda za a tafiyar da gidajen kaso, a cikinta har da maganar shirya fursuna ya koma cikin jama'a, a shekarar kuma aka yi dokar aikin amfanin jama'a wadda ta ba alƙali damar sa mai ƙaramin laifi ya yi wa gari aiki a maimakon a kulle shi. Wannan ta biyun da ana aiki da ita sosai da rabin matsalar da nake faɗi ba ta taso ba, don wanda yake sharar asibiti da safe ya koma gida da yamma bai rasa ɗakinsa ba, bai rasa matarsa ba, bai je ya zauna da manyan ɓarayi sun koya masa abin da bai sani ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2015 ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da ake kira da sunan Nelson Mandela, ƙa'ida ta 90 ta ce nauyin da ke kan al'umma ba ya ƙarewa ranar da aka saki mutum, ta 108 kuma ta lissafa abin da ya kamata a tabbatar ya samu gwargwadon iko, takardun shaida, wurin zama, aiki, tufafin da suka dace da yanayi, da guzurin da zai kai shi inda za shi ya kuma riƙe shi kwanakin farko. Ka karanta wannan ka tuna da mai baƙar leda a ƙofar kaso. Sannan mun ga abin da aka yi a Goudoumaria cikin jihar Diffa, inda aka buɗe cibiya domin tubabbun Boko Haram, aka koya musu sana'a, da za su fita aka ba su kayan aiki. Ni ban yi adawa da wannan ba ko kaɗan, zaman lafiya ya fi komai. Amma in ƙasa ta iya yi wa wanda ya ɗauki bindiga haka, ɓarawon akuya fa?

Abin da nake gani, kuma ba sai an jira wani furoje daga Turai ba, shi ne gari ya zama kawun wanda ba shi da kawu. Tunda duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa tambaya ɗaya ake yi masa, wa zai tsaya maka, to a samar da mai tsayawar. A kafa ɗan kwamiti a kowace unguwa ko a kowace da'ira cikin biyar ɗin da birnin ke da su, mai unguwa, liman, mutum ɗaya daga masu sana'ar hannu, mace ɗaya dattijuwa, da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Wata uku kafin a saki mutum, hukumar gidan kaso ta sanar da su, da yardarsa, su je su gan shi, su tambaye shi ina za ka, me ka iya, wa kake da shi. Su je wajen uban su ba shi haƙuri, don da yawa daga iyayen nan kunya ce ta sa suka yi rantsuwa, suna jiran wani babba ya zo ya roƙe su ne su samu hanyar saukowa, liman ya faɗa musu yadda ake kaffarar rantsuwa a wuce wurin. In akwai wanda aka zalunta a unguwar a je wajensa shi ma, a nemi yafiya, a tsara yadda za a biya shi a hankali, kada ya wayi gari kawai ya ga mutumin a bakin masallaci. A cikin wata ukun nan ne kuma za a yi masa katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, ya fito da su a hannu.

Sai a haɗa da asusu, ba babba ba. Aikinsa lamuni. Mai gida ya ba da ɗaki, asusu ya ajiye kuɗin wata ukun, in an samu matsala asusu ya biya. Mai gareji ko tela ko kafinta ko baduku ya karɓi yaro, a rubuta cewa in wani abu ya ɓace ta hannunsa za a biya har zuwa kaza, a kuma riƙa ba yaron ko jika 15 ne a wata na tsawon wata shida don ya ci abinci kafin hannunsa ya faɗa, saboda mu masu sana'a gaskiya ba kullum muke da abin ba aparanti ba, ranar da babu wuta babu aiki kowa haƙuri yake yi. Na tabbata masu shago da yawa za su karɓa in sun san asara ba a kansu kaɗai za ta faɗa ba, tsoro ne yake hana su ba mugunta ba. Kuɗin kuma daga ina? Attajiran Damagaram suna fitar da zakka duk shekara, kuma mutumin da ya fito ba gida ba sana'a ga bashi a wuya ai ya shiga cikin waɗanda Alƙur'ani ya lissafa ta ƙofa fiye da ɗaya. Ga matatar mai ta SORAZ a bayan gari tun 2011, ga kamfanonin waya da na sufuri, ga asusun FAFPA da aka kafa musamman don koyon sana'a. Hukumar birni kuma tana ba da kwangilar tebura da bencinan lakwal, tana ɗaukar masu yashe lambatu kafin damina, me zai hana a ce duk wanda ya ci irin wannan kwangila ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu daga cikinsu?

Waɗanda ba su da inda za su kwata-kwata, da baƙin da suka fito daga nesa, a sama musu gida guda, ko ɗaki huɗu ne da bayi da famfo, mutum ya zauna wata biyu ko uku da sharaɗi, ba ƙwaya, ba kwanan waje, da safe kowa ya fita aiki ko koyo. Amma dan Allah kada a kafa masa allo a ƙofa, kada a kira 'yan jarida a yanka kirtani, in aka yi haka an gina wani kason ne kawai, duk wanda aka gani yana fitowa daga ciki an san ko wane ne.

Mata kuwa nasu ya fi na maza muni, kuma ba a maganarsu sam. Namiji ko ba komai zai kwana a tasha, mace fa? Yawanci kafin ta fito an sake ta, 'ya'yan an karɓe, gidan iyaye ana ganin ta jawo abin kunya, in ta kasa ƙosai ko fura a ƙofar gida ba mai saye, wata ma da goyo take fitowa. In ba a tare ta a ranar ba, akwai masu jiran irinta, kowa ya san inda suke kai su. A nan ƙungiyoyin mata na islamiyya da masu adashi za su iya abin da maza ba za su iya ba, su karɓe ta, su sa ta cikin zubi, wata hajiya ta ce ki zo ki zauna wajena ki riƙa taya ni aiki kafin Allah ya kawo mafita. Haka yaran da ba su kai shekara 18 ba, wasunsu almajirai ne da iyayensu ke can wani ƙauye ba su ma san an kama su ba, irin waɗannan bai kamata a buɗe musu ƙofa a ce tafi ba sai an damƙa su hannun wani.

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, ya sa baki a wannan magana, don masu unguwanni nasa ne, in kira ya fito daga fada ba wanda zai noƙe, kuma uban da ya ƙi jin maganar kowa zai ji ta fada. Ina roƙon gwamna da shugabannin kotu da mai kula da gidan kaso su buɗe wa irin wannan kwamiti ƙofa. 'Yan uwana masu walda da kafintoci da makanikai da teloli, mu ma kada mu jira a kira mu, shugabannin ƙungiyoyinmu su zauna su rubuta sunayen shagunan da za su iya karɓar mutum ɗaya ɗaya, a kai wa hukuma takardar a ce ga mu. Ni a shagona akwai wurin mutum biyu daga yanzu, sharaɗina kawai a samu wanda zai zo ya zauna mu yi magana a kansu kamar yadda kawun yaron nan ya yi, kuma a sama musu wurin kwana da ya fi kwali a cikin shago.

Na gode Malam Edita, Allah ya saka da alheri. Wassalam.

Naku,
Mai sana'ar walda,
Damagaram, jihar Zinder